Tambaya da Amsa: Karl Wagner, editan da masoya labaran ban tsoro suka kasa mantawa da shi

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan fitowa, kuma duk kan mutum ɗaya suka taru, saboda haka na jera su yadda amsar ɗaya za ta share wa ta gaba hanya.

Malam, barka da aiki. Na sayi wani tsohon littafin Turanci a wurin masu baje littattafai a bakin titi, ɗan ƙarami mai rawayan gefe, sunansa The Year's Best Horror Stories. Labaran ciki na marubuta daban-daban ne, amma sunan mutum ɗaya ne a bango, Karl Edward Wagner. Da na bincika sai na ga tun 1994 ya mutu, kuma har yau masu son irin waɗannan labarai suna rubutun tunawa da shi. Wane ne shi? Me ya yi da ya cancanci haka?
*Daga wani malamin makaranta, Zariya*

Malam, na gode, kuma ka yi tsintuwa mai kyau. Ka adana littafin nan, domin shekaru da yawa ke nan da daina buga jerin.

Wagner Ba'amurke ne, haifaffen garin Knoxville a jihar Tennessee, a watan Disamba na 1945. Tarihi ya fara karantawa a kwalejin Kenyon, daga nan ya koma karatun likita a jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, ya kama fannin masu taɓin hankali. Bai daɗe yana aikin asibiti ba ya ajiye, ya rungumi rubutu. A garin na Chapel Hill ya yi zamansa har mutuwarsa a watan Oktoba na 1994, yana da shekara 48.

Marubuci ne na ƙwarai a karan kansa, wannan ba a musu. Amma abin da ka tambaya ya fi shafar aikinsa na edita, kuma a ganina nan ne ya bar gurbin da har yau ake jin sa. Kamfanin DAW da ke New York, wanda Donald Wollheim ya kafa, shi ke fitar da kundin da ka saya sau ɗaya a shekara. Editoci biyu sun riƙe shi kafin Wagner, wato Richard Davis da Gerald Page. Wagner ya karɓa daga kundi na 8 a 1980, ya kai shi har na 22 a 1994. Kundi 15 ke nan a jere, ba fashi. Da ya mutu, jerin ma ya tsaya nan.

Ka tuna da zamanin. Daga tsakiyar shekarun 1970 kasuwar labaran ban tsoro ta buɗe a Amurka da Ingila, manyan kamfanoni suna ta zuba littattafai, sunaye uku ko huɗu ne ke tashe. Editan da ke son sauƙi zai iya ɗaukar labaran waɗannan mashahurai daga manyan mujallu, ya haɗa, ya sa sunansa, kuma littafi ya sayu. Wagner bai tsaya nan ba. Akwai wata duniya ta ƙananan mujallu a ƙarƙashin waccan, waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke haɗawa a ɗakinsu bayan sun tashi daga aiki, a buga 'yan ɗaruruwa, a aika wa masu biyan kuɗi ta gidan waya. Marubucin da labarinsa ya fito a irin waɗannan sau da yawa ba ya samun ko sisi, sai kofi ɗaya ko biyu na mujallar. Wagner yana bin su yana karantawa, na Amurka da na Birtaniya, har da 'yan ƙasidun da ake rabawa a tarukan marubuta. Kamar ɗan kolin da ke cin kasuwannin ƙauye ne, inda manyan 'yan kasuwa ba sa takawa, ya dawo birni da abin da ba wanda ya san da shi.

Buɗe shafukan farko na littafinka, inda aka jera wurin da kowane labari ya fara fitowa. Za ka ga sunan wata babbar mujalla a layi ɗaya, a layin da ke ƙarƙashinsa kuma wata wadda ko a lokacin ma kaɗan ne suka taɓa jin sunanta. Ni wannan shafi ne na fi so a kundayen nasa, ko da yake ba labari a ciki. Yana nuna maka yawan karatun da mutumin ya yi kafin ya zaɓi labaran da ke ciki. Sa'an nan a gaban kowane labari yakan rubuta ɗan bayani kan marubucin, inda aka haife shi, sana'ar da yake ci da kansa da ita, abin da yake rubutawa yanzu. Sabon marubuci wanda bai taɓa ganin sunansa a kantin littattafai ba sai ya gan shi kusa da na fitattun marubuta irin su Ramsey Campbell ko Dennis Etchison, an gabatar da shi da mutunci iri ɗaya. Da yawa daga cikin masu rubutun tunawa da shi a yau irin waɗannan ne, ko kuwa masu karatun da suka fara sanin marubutan da suke so ta hannunsa.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi taɓa min zuciya. A farkon shekarun 1970 shi da abokansa biyu, David Drake da Jim Groce, sun kafa wani ɗan kamfanin ɗab'i mai suna Carcosa. Manufarsu ita ce tsofaffin marubutan mujallun araha na shekarun 1920 zuwa 1940, irin su Weird Tales wadda ta fara fitowa a 1923. A kan takarda mai arha ake buga mujallun nan, takardar da ke yin ja ta riƙa marmashewa, kuma labaran ciki suna ta ɓacewa tare da ita. Littafi huɗu kacal Carcosa ta fitar tsakanin 1973 da 1981: biyu na Manly Wade Wellman, ɗaya na E. Hoffmann Price, ɗaya na Hugh B. Cave. Dukansu ukun suna da rai a lokacin, dattawa ne da duniya ta fara juya musu baya. Littafin Wellman na farko ya ci kyautar World Fantasy a 1975, shekarar da aka fara ba da ita. Na Cave ya ci a 1978. Cave kuwa ya daɗe da barin rubutun ban tsoro, ya yi zama a Haiti da Jamaika, har da noman gahawa. Bayan fitowar littafin ya dawo fagen, bai ajiye alƙalami ba har kusa da mutuwarsa a 2004, yana da shekara sama da 90.

Wellman maƙwabcinsa ne a Chapel Hill, kuma ya riƙe shi tamkar uba har dattijon ya rasu a 1986. Mutumin da ya nemo tsofaffi suna raye ya girmama su, ya kuma nemo yara ya ɗora su a hanya, ba abin mamaki ba ne in an taru ana tuna shi.

Malam, ka yi haƙuri, ni ban ga abin yabo ba. Wasu sun sha wahala sun rubuta, wani ya tattara ya sa sunansa a bango. Wannan ba cin gumin wasu ba ne?
*Daga wata marubuciya, Kano*

'Yar'uwa, ba laifi, kuma na san inda tambayar ta fito. Duk wanda ya taɓa ba da labarinsa aka buga ba tare da an biya shi ba, ko aka sauya masa shi ba da saninsa ba, yana da dalilin yin ɗari-ɗari da editoci. Akwai masu cin gumi, can da nan.

Amma ga yadda tsarin yake in an bi shi da gaskiya. Kamfanin ɗab'i yakan ba edita kuɗin kafin alƙalami. Daga ciki yake biyan kowane marubuci ladan sake buga labarinsa, bayan ya rubuta masa ya nemi izini. Haƙƙin mallaka yana nan a hannun marubucin, shi ya sa ake jera sunayensu a shafin da na ambata wa Malam a sama. In littafi ya sayu har ya wuce kuɗin farko, ribar da ta biyo baya akan raba ta tsakanin edita da marubuta. Wanda aka ɗauko labarinsa daga mujallar da ba ta biya shi komai ba, wannan ne karo na farko da rubutu ya kawo masa kuɗi, kuma labarin da mutum 300 suka gani yanzu dubbai za su gani.

Aikin kansa kuma ba tattarawa ba ne kawai. Sai ka karanta tarin labarai marasa daɗi kafin ka sami guda mai rai, kuma ka karanta su da idon da bai gaji ba, domin mai kyaun yana iya zama na ƙarshe a tulin. Sai ka ƙi labarin amininka in bai kai ba, kuma gobe za ku haɗu a taro. Sai ka san wanda zai buɗe littafi da wanda zai rufe shi, kada ka jera labarin gidan fatalwa uku a wuri ɗaya mai karatu ya gundura. A ƙarshe sunanka da ke bango shi ne jingina. Mai saye bai san yawancin marubutan ciki ba, kai ya sani, kuma in ka yaudare shi bana ba zai sayi na baɗi ba.

Game da tsoronki na a taɓa wa marubuci rubutu, Wagner yana ɓangarenki. Marubuci Robert E. Howard, wanda ya mutu a 1936, an daɗe ana buga labaransa na jarumin nan Conan da gyare-gyare da ƙare-ƙaren wasu mutane. A 1977 Wagner ya fitar da kundi uku inda ya koma ga yadda labaran suka fara fitowa a Weird Tales, ya zubar da ƙarin. Wannan mataki ya jawo ce-ce-ku-ce a tsakanin masu harkar, amma shi ne ya buɗe ƙofar da daga baya aka bi aka maido da rubutun Howard yadda mai shi ya bar shi.

Mu ma in muka duba gida za mu ga hannun edita a tushen adabinmu na boko. Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta fito da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara a matsayin marubutan ƙagaggun labarai. Ana iya jayayya kan yawan sa hannun da East ya yi, kuma masana suna yi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne sai da wani ya nema, ya karanta, ya zaɓa.

Ranka ya daɗe, idan irin wannan mutum ya mutu, yaya mujallunsu ke yi masa ta'aziyya? Kuma gaskiya suke faɗa ko yabo ne zalla? Na ji an ce giya ce ta kashe shi.
*Daga wani ɗan jarida, Jos*

Abokin aiki, tambayarka ita ce mai nauyi a cikin huɗun.

Akwai mujallar da ake kira Locus, wadda Charles N. Brown ya fara a 1968, kuma daga baya ta zauna a Oakland ta jihar California. Ita ce jaridar labarun wannan fage: wa ya sayar da littafi, wa ya ci kyauta, wa ya mutu. Al'adarta idan marubuci ko edita ya mutu ita ce a fara da tarihinsa a tsare, haihuwa, karatu, jerin ayyuka da shekarunsu, sa'an nan a ba abokansa fili kowa ya rubuta sakin layi biyu ko shafi guda da sunansa a ƙasa. Ƙananan mujallu su ma sukan ware shafuka, wasu su sake buga wani tsohon labarin mamacin. Ina ganin hikima a raba abin gida biyu haka. Ɓangaren farko na mai bincike ne da zai zo bayan shekara 50 yana neman kwanan wata. Na biyu na masu makoki ne.

Wagner ya sami irin wannan girmamawa tun yana da rai. Bayan an farfaɗo da Weird Tales a 1988, editocinta sun riƙa keɓe fitowa guda ga marubuci guda, kuma a 1989 suka keɓe masa tasa. Bayan mutuwarsa, editan Birtaniya Stephen Jones ya haɗa littafi mai suna Exorcisms and Ecstasies, wanda ya fito a 1997, ya tattara labaransa da ba a taɓa haɗawa ba, ya saka rubuce-rubucen abokai a tsakaninsu, ciki har da Peter Straub da Ramsey Campbell da David Drake. Ƙungiyar British Fantasy Society kuma ta sa wa kyautarta ta musamman sunansa, kuma har yanzu da shi ake ba da ita. Ba'amurke ne, amma yana yawan zuwa Landan da tarukan Birtaniya, suna ganinsa nasu. Ellen Datlow, wadda ita ma editar kundin shekara-shekara ce, ta karɓi kyautar a 2007.

Maganar giya kuwa gaskiya ce. Ya daɗe yana sha, shan ya ci lafiyarsa, ya rage masa rubutu a shekarunsa na ƙarshe, akwai littattafan da ya yi alkawari bai gama ba. Abokansa ba su ɓoye ba. Drake musamman, wanda suka kafa kamfani tare, ya rubuta abin da ya gani ba tare da kwane-kwane ba, har wasu suka ga ya yi tsauri.

Mu an hore mu da ambaton alherin mamaci, kuma horo ne mai kyau, ina kansa. Tonon silili a kan wanda ba zai iya kare kansa ba mugun hali ne. Amma ban ɗauki abin da waɗannan abokai suka yi a matsayin tonon silili ba. Abin a fili ya faru, a gaban ɗaruruwan mutane a taruka, kuma a fagen nasu akwai matasa masu ɗaukar cewa kwalba wani ɓangare ne na zama marubuci. Da an rubuta yabo zalla an yi shiru a kan abin da ya kashe shi yana da shekara 48, da an bar matasan nan da ƙarya. Likita ne da ya san abin da giya ke yi wa hanta da zuciya, sanin bai cece shi ba. Ina karanta wannan da baƙin ciki na gaske, domin mutum mai irin idonsa da ya kai 70 da ya tono mana marubuta da yawa. Abin lura kuma, duk da halin da yake ciki, kundin shekara bai taɓa fashi ba har shekarar mutuwarsa.

Wata irin ta'aziyyar kuma ba a rubuce take ba. A 1983 ya ba mujallar Twilight Zone jerin littattafan ban tsoro 39 da ya fi so, kashi uku, 13 a kowanne. Da yawa a ciki tsofaffin littattafan Birtaniya ne na shekarun 1930 waɗanda ko manyan ɗakunan karatu ba kowanne ke da su ba, irin na R. R. Ryan da Mark Hansom. Masu tara littattafai suka shiga farautarsu shekara da shekaru, daga baya ƙananan kamfanoni irin su Midnight House da Ramble House suka sake buga wasu. Haka nan littafi na biyu da Carcosa ta shirya wa Hugh Cave ba ta samu fitarwa ba, kamfanin Fedogan & Bremer ya fitar da shi a 1995. A 2012 kuma Centipede Press ta haɗa labaran Wagner na ban tsoro a kundi biyu.

Malam, ni ɗalibi ne, Turancina bai yi ƙarfi sosai ba amma ina ƙoƙari. Daga ina zan fara? Kuma shi kaɗai ne editan da ake tunawa haka?
*Daga wani ɗalibi, Maraɗi*

Ɗana, gajeren labari shi ne daidai da kai, shafi goma ka gama, in ya yi wuya ka sake. A cikin na Wagner kansa ka nemi wanda ake kira Sticks. Ya fara fitowa a 1974 a Whispers, ƙaramar mujallar da Stuart David Schiff ke bugawa, ya kuma ci kyautar British Fantasy. Tushensa abin da ya faru ne ga mai zane Lee Brown Coye, wanda ya ba da labarin yadda ya taɓa cin karo da wasu ƙirare da aka ɗaɗɗaure cikin siffofi masu ban mamaki a kusa da wani kangon gida a karkarar jihar New York. Coye ɗin nan shi ya yi zanen littattafan Carcosa guda biyu.

Ba shi kaɗai ba ne. Charles L. Grant, wanda ya mutu a 2006, ya fitar da jerin Shadows daga 1978 zuwa 1991. Shi mai son tsoro ne na a hankali, wanda ba jini ba ihu, kuma ina ganin zai fi dacewa da kai a farko, domin wasu labaran da Wagner ya zaɓa a shekarun ƙarshe suna da zubar da jini da batsa, ban ba ka shawarar su ba, kuma kada a bar su inda ƙannenka za su ɗauka. Akwai David G. Hartwell, da ya mutu a 2016, wanda babban kundinsa na 1987 mai suna The Dark Descent ya bi tarihin fagen tun daga ƙarni na 19. A Birtaniya kuma ana tuna Hugh Lamb da Richard Dalby, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu suna tono labaran fatalwa na zamanin Sarauniya Victoria daga tsofaffin mujallu. Irin waɗannan tsofaffin labarai haƙƙin mallakar yawancinsu ya ƙare, za ka same su kyauta a intanet, sai dai Turancinsu na da ne, ka ajiye ƙamus a kusa.

Sauran wasiƙun da suka iso, musamman masu tambaya kan tatsuniyoyin dodo, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.